Tabo Biyu a Ƙirjin 'Yar Fari

Da sunan Allah zan fara, Shi da ya kai ni ya kuma dawo da ni. Sunana Hajara, daga Maraɗi. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi, inda na karkace a yi mini haƙuri. Wadda labarin ya shafa ita ta ba ni izini in rubuta.

Wankan jego ne ya kai ni Amurka. 'Yata ta fari ce ta haihu a wani gari da ake kira Greensboro. Ku da kuka san al'adarmu kun san ba a kiran sunan 'yar fari, ba a yi mata wasa a gaban mutane. A gidanmu na haife ta, da aka yaye ta kuma mahaifiyata, Inna, ta riƙe ta har ta girma. Ita tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannena suna faɗa, ni kuma ina ce mata 'yar Inna. Da Inna na da rai ita za ta yi wannan tafiya. Ba ta da rai, shi ya sa abin ya faɗo kaina.

A jirgin da ya kai mu New York na zauna kusa da wani dattijo mai farin kaftani da carbi, yana Hausar Damagaram. Na ji kamar na tsinci ɗan'uwa. Ya tambaye ni abin da na ɗauko, na zayyana masa duka: kanwa, garin gero, yajin jego, busasshen ganyen dogon yaro, sai turamen atamfa da 'yan kunnen zinariya na jaririya. Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, waɗannan mutanen in suka ga gari a jakar baƙo ƙwacewa suke yi. Ni ina da takardun zama, ba a buɗe tawa. Kawo in fitar miki, ki jira ni a bakin ƙofa."

Na jira a bakin ƙofa har ƙafafuna suka yi nauyi. Duk farin kaftanin da na hango sai gabana ya faɗi. Bai fito ba, ko kuma ya fito ta wata ƙofar, Allah ya sani. Wata mai shara ce ta gan ni ina share hawaye da gefen mayafi, ta karɓi tikitina ta duba, ta jingine tsintsiyarta, ta kama hannuna kamar ƙaramar yarinya har bakin jirgi na biyu. Ba mu ji maganar juna ba ko ɗaya. Haka na shiga Greensboro, mai wankan jego ba kanwa ba ganye.

Surukina Lawali ne ya tarbe ni. Ya durƙusa a tsakiyar filin jirgi ya gaishe ni, Turawa na kallo, ni kuma na sunkuyar da kai. Muka bi wata hanya da ake kira Wendover. Motoci ne jere kamar ruwa ya ɓalle, kantuna manya-manya hagu da dama, amma ban ga mutum ɗaya yana tafiya da ƙafa ba. Gidansu ɗakuna ne a saman bene, cikin gine-gine masu kama ɗaya. Biza ta ɓata mini lokaci, har an yi suna kafin in zo. An mayar da sunan Inna, ana kiran jaririyar Ummi.

'Yar Inna ta gaishe ni daga inda take zaune. Ta rame. Na ce, "Sannu da arziki." Ta ce, "Yawwa, Yaya, ya hanya?" Iyakar abin da muka iya ke nan, bayan shekarun da muka yi ba mu ga juna ba.

Da safe na ɗora ruwa a babbar tukunya a kan murhun lantarki. Na ce ko ba ganye, ruwan zafi ruwan zafi ne. Na juye a bokiti na kai banɗaki, na naɗe hannun rigata, na tsaya ina jira. Ta zo ta ce, "Yaya, bar shi, zan yi da kaina. Likita ya hana ruwa mai zafi sosai." Ta shiga, na ji ta murɗa makulli. Washegari ma haka, jibi ma haka. Na ƙetare teku don in tsaya a bayan ƙofa ina jin ƙarar ruwa.

Lawali direban babbar mota ne, in ya fita sai ya yi kwanaki. Da hutunsa ya ƙare ya tafi, gidan ya yi shiru. Ba kiran salla, ba sallamar maƙwabta, ba kukan akuya. In kewa ta dame ni sai in tsaya a taga ina kallon inda ake ajiye motoci, ina tuna yadda ƙofar gidan mai jego take cika da takalman mata. Akwai 'yan ƙasarmu a ginin da ke kallon namu, suna leƙowa ran Lahadi, sauran kwanaki kowa na wurin aiki. Wadda nake gani kullum wata tsohuwa ce baƙar fata, Misis Perl, da ke zama a matakalar bene tana shan taba. Kalma ɗaya na iya, in ce mata gud monin ko da la'asar ce, ita kuma ta yi dariya ta amsa.

Abu biyu na lura da su. Da nonon dama kaɗai 'yar Inna take shayarwa, kuma sai ta lulluɓa da babban mayafi, alhali daga ni sai ita a gidan. Na ce, "'Yar Inna, a riƙa juya mata, kada ɗaya ya cika ya yi ciwo." Ta ce to, ba ta juya ba. Na yi zaton dukan miji take ɓoyewa, amma Lawali ba shi da wannan fuskar. Na yi zaton ciwon daji, na kasa cin abinci. Tambayar kuwa ta ƙi fita daga bakina. Ta ina zan fara, ni da ban taɓa ganin bayanta ba tun tana rarrafe?

Sai zazzaɓi ya zo. Ta ce na nono ne, zai wuce. Ta sha ƙwaya ta kwanta a doguwar kujera, bargo biyu a kanta, haƙora na haɗuwa. Kwana ya wuce, wani ya wuce, abin sai ƙaruwa yake.

Ran nan da hantsi na shimfiɗa leda a tsakar falo, na miƙe ƙafafu, na ɗora Ummi ina mata wanka. Sai na ga ƙirjinta ya kumbura gefe biyu, kamar an sa mata ƙwallon magarya a ƙarƙashin fata, har da ɗigon farin ruwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ana gasa wurin da tsumma mai ɗumi a matse ruwan ya fita, an ce in an bar shi yarinya za ta tashi da ƙarni. Har na ji daɗi, yau dai ga aikin da na iya. Na jiƙa tsumma na gasa, na sa yatsa biyu.

Ihun da 'yar Inna ta yi ban taɓa jin irinsa ba. Da Turanci ya fara fita, sannan ta ce, "Yaya, kada ki taɓa ta! Cire hannunki!" Ta faɗo daga kujera, da rarrafe ta iso ta fizge jaririyar da ruwa a jikinta. Na zauna da yatsuna a buɗe. Na ce, "Me na yi?"

Ta kwantar da Ummi a cinyarta, ta kama rigarta ta ɗage har wuya, ta ce, "Duba."

Na kawar da kai, don haka na saba. Ta ce, "A'a, yau sai kin duba."

Nonon hagun ya yi ja, fatar tana sheƙi, ya sandare kamar dutsen niƙa. Tun ban taɓa ba na ji hucinsa. A ƙarƙashinsa akwai tabo siriri miƙaƙƙe, irin na asibiti. Kusa da kan kuma akwai wani, tsoho, a tattare.

Ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, Yaya. Saye na yi. Jaka ce cike da ruwan gishiri aka sa mini a ciki. Na hagu bai taɓa fitowa ba. Na dama ya fito, wannan ya tsaya kamar na namiji."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun da na fara zama mace. Inna ce ke ɗinka mini tsumma ina cusawa. Ba ki taɓa tambayar abin da ya sa ban yi wanka da ƙawaye ba. Da na zo ƙasar nan shekaru na yi a tsaye ina kitso, har ƙafafuna suka kumbura, kafin in tara abin da aka yi aikin. Lawali ya sani, kafin a ɗaura na gaya masa. Likitan da ya yi mini ya ga tsohon tabon, ya ce ko an taɓa matse mini nono ina jaririya, don in ya yi ƙurji a lokacin yakan kashe asalin wurin. Na ce ban sani ba. Wa zan tambaya? Inna ta rasu, ke kuma ba ma magana."

Na ce, "Tashi mu tafi asibiti."

Ta ce, "Ba inda za ni. In na je cire shi za su yi, in koma yadda nake. Kuma inshora ba za su biya ko cirewar ba. A takardunsu kwalliya na yi, wadda ta yi kwalliya ita ke ɗaukar abin da ya biyo baya." Ta yi wata dariya mara daɗi. "Shekarar da aka yi aikin an ce mini kuɗin asibiti ana rage wa mutum haraji a kansu. Na je wurin mutumin da ke cike wa 'yan ƙasarmu takardun lanho, wato haraji. Ya ce aikin me aka yi. Na faɗa a hankali. Ya cire tabarau ya ce, 'Hajiya, gyaran jiki ai ba ciwo ba ne, gwamnati ba ta rage wa mai ado. Sai in ciwo ne ya jawo, a kawo shaida.' Yana magana yana kallon rigata. Ina shaidar take, Yaya? Inna ta tafi da ita kabari."

Leɓunanta sun bushe, idanun sun yi ja, maganar tana sarƙewa. Na ga matan da ciwon nono ya kai ƙasa a unguwarmu, na san kamar da suke yi in abin ya kusa shiga jini. Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da Annabi, na roƙe ta da Ummi. Ta juya fuska. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ban ɗaga ba. Na matsa kusa da ita na ce, "Inna ba ta tafi da ita ba. Ina cikin ɗakin."

Ta juyo.

Na ce, "Bayan suna ne. Ungozoma ta gasa ta matse, Inna na riƙe da ke. Na hagun ya kumbura ya yi ja, kina kuka ba dare ba rana. Aka kira wanzami ya tsaga. Ni ina kan gado, fuskata a bango, don ba a son a ga mai haihuwar fari ta damu. Ban gani ba, amma na ji. Aka ce ƙurji ne, ya warke. Duk wanda za ki kai ni gabansa zan faɗa masa haka."

Sannan ta ce, "To. Amma kada a kira motar asibiti mai jiniya, kuma kada ki buga ƙofar 'yan garinmu."

Ta kira Lawali a waya, yana wata jiha mai nisa. Ya ce zai nemi wata ɗaliba da ya sani ta same mu a asibiti, mu dai mu samu mai kai mu. Na goya Ummi na sauka. Matakala ba kowa. Na buga ƙofar Misis Perl, shiru. Na buga ta kusa da ita, wani ya leƙo ta tsakanin sarƙa, ya gan ni da hijabi da goyo, ya mayar ya rufe. Na bi ta cikin ciyawa har bakin babbar hanyar nan, na tsaya ina ɗaga hannu yadda muke tare taksi a Maraɗi. Iskar motocin tana tura ni baya. Wasu suka danna oda, wani ya leƙo ya faɗi abin da ban ji ba. Ba wanda ya rage gudu. Na ce ya Allah, ka kawo ni nan ne in ga gawarta?

Wata tsohuwar mota ce ta karyo kwana za ta shiga gidajenmu, ta tsaya. Misis Perl ce ta dawo daga cefane. Ba ni da kalmar da zan faɗa, gud monin ba ta da amfani. Na kama nonona na hagu, na yarfa hannu kamar na taɓa wuta, na nuna bene. Ta yar da tabar da ke bakinta. Matar da kullum take hawa matakala tana nishi, ranar ta riga ni kaiwa sama. Ta taɓa goshin 'yar Inna, ta ɗaga ta a kafaɗa muka sauko da ita. A bakin mota muka yi rigima ba harshe: na shiga da goyo a baya, ta ce a'a da kai da hannu, ta koma sama ta ɗauko kujerar jarirai, sai da ta ga na kwance zane an ɗaure Ummi a ciki sannan ta tayar da mota.

A asibiti aka shige da ita, aka bar ni a kujera. Misis Perl ta sayo mini shayi a kofin takarda, ta zauna kusa da ni tana jijjiga Ummi. Can sai ga ɗalibar, Hindatu, 'yar Kano, tana karatu a jami'ar garin. Ta durƙusa ta ce, "Mama, sannu. Ni zan zama bakinki."

Likitar mace ce doguwa. Ta ce ciwon ya kai ga jakar, dole a cire yau, da an ƙara jinkiri da labarin ya zama wani. In wurin ya warke bayan watanni ana iya sa wata. 'Yar Inna na kwance da ƙarin ruwa a hannu, ta ce mata wani abu da Turanci, ta nuna ni. Likitar ta jawo kujera ta zauna a gabana. Hindatu ta ce, "Mama, wai ki faɗi abin da kika sani game da tsohon tabon."

Na fara. Na ce an gasa wa yarinyar, an matse mata, yarinyar ta yi ta kuka. Hindatu na juyawa, sai likitar ta tsayar da ita, ta miƙe ta nufi Ummi tana buɗe mata riga. Hindatu ta ce, "Mama, ta ɗauka jaririyar nan kike nufi. Wace yarinya? Tana son ki faɗi sunan, don abin da za ta rubuta ke nan."

Na ce, "'Yar Inna."

Hindatu ta yi ƙasa da murya. "Mama, na sani, mu ma haka muke yi. Amma ita ba ta san 'yar Inna ba."

Sunan nan tun ranar da liman ya raɗa shi bai taɓa bi ta harshena ba. Na ji kunya ta rufe ni kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na dubi gadon, tana kallon silin, hawaye na gangara cikin kunnenta. Na ce, "Balkisa. Balkisa nake nufi. Ni na haife ta."

Daga nan na faɗi komai, da ungozoma, da wanzami, da askar, da tokar da aka sa a wurin. Ban ɗora wa Inna laifi ba, abin da aka yi mata ta yi. Likitar ta rubuta. Ta ce ba ta san abin da kamfanin inshora zai ce ba, amma ita za ta rubuta yadda ta gani da yadda ta ji. Game da Ummi kuwa ta ce a bar wurin kawai, da kansa zai sauka.

An cire jakar a ranar. Zazzaɓin ya sauka a hankali. Lawali ya iso da idanu jajur, ya durƙusa wa Misis Perl yadda ya durƙusa mini, ta rasa inda za ta sa kanta.

Da muka koma a duba ɗinki, likitar ta fito da jakunkuna biyu na gwaji ta ajiye a tebur. Ɗaya irin ta da ce, mai ruwan gishiri, in ta huje jiki ya shanye ruwan, a gane nan da nan. Ɗayar ta wani abu ce mai kauri da ake kira silikon, ta fi kama da tsokar mutum, amma in ta fashe ba a saurin ganewa, sai an riƙa dubawa. Ko kuma a bar wurin haka. Balkisa ta tura mini su ta ce, "Yaya, taɓa ki ji." Na ɗaga ta farko na ce, "Wannan ai ruwan leda ne na tasha." Na ɗaga ta biyu na ce, "Wannan kuma ƙullin fanke da ya kwana." Ta yi dariya har ta dafe ɗinkin. Ta ce wacce zan zaɓa mata. Na ce ni dai na zaɓi mai rai, sauran nata ne.

Inshora sun biya cirewar bayan rubutun likita. Maganar sabuwar kuwa har na baro ana ta kai da kawo, ita ma ba ta yanke shawara ba. Lawali ya ce bana wani wurin za su kai takardun haraji.

Arba'in ta wuce kafin ciwon ya rufe, lokacin wankan jego ya fita. Hindatu ta samo mini kanwa a wani kantin 'yan Afirka, na dama kunu, muka sha da Misis Perl, ta yamutsa fuska amma ta shanye. Wata safiya ina goge tukunya na ji an ce, "Yaya, ba za a ɗora ruwa ba?" Na ɗora, na sirka shi yadda likita ta ce, na kai banɗaki na juya zan fita. Ta ce, "Ina za ki?" Tana zaune a bakin baho, zanen a kugu, ƙofa a buɗe. Na naɗe hannun riga. Na wanke mata baya, na wanke na dama, na zo na hagu inda yake shafe, da tabonsa biyu, na zuba ruwa a hankali. Ƙirjin Ummi kuwa ya sauka da kansa, ban ma san ranar ba.

Yanzu ina Maraɗi. Duk gidan da aka haihu a unguwarmu nakan je da sassafe, in zauna kusa da kwanon wanka. Ba na musu da kowa, ban iya ba. In na ga tsohuwa ta jiƙa tsumma ta nufi ƙirjin jariri, sai in riƙe mata wuyan hannu in ce, "Dakata, bari in ba ki labarin Balkisa."